Muryarta a Lasifika

"Riƙe nan, Mama. Damƙe sosai."

Wani ɗan ƙarfe mai sanyi aka danna wa 'Yar'azumi a tafin hannu, kamar mariƙin ludayi. Waya ta fita daga gindinsa ta shige cikin kwamfutar da ke kan tebur. Ta damƙe kamar yadda aka ce. Shagon ƙanƙane ne, a bayan tashar mota ta Haɗeja, yana warin sabon fenti, kuma duk da fankar da ke juyi a sama gumi na bin bayanta.

Mutumin da ke bayan teburin yana sanye da farar riga irin ta likitoci. Wannan kam ta gani. Fuskarsa ce ba ta gani ba. Kusan shekara guda ke nan duk abin da ta zuba wa ido sai tsakiyarsa ta ɓace, gefe-gefe kawai ke rage mata. In ta kalli mutum takan ga hularsa da kafaɗunsa, amma inda ido da hanci suke sai wani toka-toka kamar hayaƙi. Don haka ta koyi kallo da wutsiyar ido: ta juya kai kamar mai duban bango, alhali mutumin take karanta.

Kwamfutar ta yi ƙara sau uku.

"Innalillahi," in ji mai farar rigar. "Tasi'u, matso ka gani da idonka. Ka ga jan layin nan? Zink ɗin jikinta ya ƙare ƙarƙaf. Ido kuwa da zink yake aiki, kamar yadda injin ban ruwa ke aiki da fetur. Da kun ƙara wata guda a gida, da shi ke nan."

"Allahu akbar," in ji Tasi'u, autanta. "Inna, kin ji abin da Dokta Munzali ya ce ko?"

Ta ji. Abin da ke yi mata kai-kawo a zuci shi ne, tun shigowarta mutumin nan bai tambaye ta abin da ke damunta ba, bai ɗaga fatar idonta ba, bai haska mata fitila ba. Ciwo a ido, shi kuma hannu ya kama.

"Likita," ta ce, "ba za ka duba idon ba ne?"

Ya yi dariya mai taushi, irin wadda ake yi wa tsofaffi. "Mama, na'urar nan daga ƙasar waje aka kawo ta. Tun kafin ki gyara zama ta riga ta duba ido, ta duba hanta, ta duba ƙoda. Zamanin ɓare ido da yatsa ya wuce."

Ya jawo robobi uku ya jera a gabanta, ƙwayoyin cikinsu suna caccaka. Biyu da safe, biyu da rana, biyu bayan magariba. Ya ce in ta riƙe shan su, kafin shinkafar rani ta nuna da kanta za ta zura zare a allura. Babu yanka, babu allura, babu wahalar zuwa Kano.

'Yar'azumi ta juya kai wajen bango. Ta wutsiyar ido ta ga hannun likitan ya sauka ta gefen tebur ya tafa da na Tasi'u, tafawa ɗaya, a gurguje, irin ta mutanen da suka saba. A kan babur ɗazu Tasi'u ya ce mata bai taɓa ganin mutumin ba, labarinsa kawai ya ji a gari. To wa ya faɗa masa sunan yaron? Ta kasa kunne ko za ta ji an yi maganar kuɗi. Har suka fito ba a yi ba.

* * *

A ƙauyensu, can cikin fadamar Auyo, babu wanda bai san shinkafar 'Yar'azumi ba. Shekara talatin tana turara shinkafa a rabin duro, ta shanya, a kai inji, ta zauna da faifai ta tsince ta tas. Masu saye daga Haɗeja sukan ce shinkafarta ko a duhu aka ci haƙori ba zai gamu da tsakuwa ba. Da wannan sana'a ta raini 'ya'ya biyar bayan rasuwar mijinta Abdulwahid, masunci.

Abin ya fara ne da ƙofar ɗakinta. Wata safiya ta ga katakon ƙofar ya lanƙwashe a tsakiya kamar an jiƙa shi. Ta shafa da hannu, ta ji shi a miƙe sambal. Daga nan tsakuwa ta fara wuce ta a faifai. Sai wata rana ta gaida surukarta Umaima, matar Tasi'u, da gaisuwar baƙuwa a tsakar gidansu, aka yi ta dariya, ita ma ta yi.

Babbar 'yarta Binta, wadda ke aure a Haɗeja, ita ta kai ta sashen ido na asibiti da damina. Wata ma'aikaciya mai suna Sista Esta ta ɗiga mata magani, ta jira, sannan ta daɗe tana leƙa idon da fitila. Ta ce na hagu ya daɗe da tsufa, ba abin da za a iya mayarwa. Na dama kuwa wani jini ne ya fara tsattsafowa a bayansa, kuma wannan yana da magani in an yi sauri: allura ce da ake yi a Kano, a cikin idon. Ta rubuta takarda, ta maimaita har sau biyu cewa kada a bari wata ya ƙare.

Allura a cikin ido. Tun a bakin asibitin tsoro ya kama 'Yar'azumi. Don haka da Tasi'u ya karɓi takardar ya ce shi namiji ne, shi zai kai ta, a bari dai ruwa ya janye tukuna, ba ta yi musu ba. A shekarar nan ambaliya ta cinye gonarsa kaf, ta rufe hanya, sai a kwale-kwale ake fita gari. Ruwa ya janye, takarda ba ta fito ba. Ita ma ba ta tambaya ba. Sai ga shi ya zo da labarin likitan da ke buɗe ido ba tare da allura ba.

* * *

Ƙwayar tana da wani ɗanɗano kamar an tsotsi tsohuwar ƙusa. In ta sha da safe sai cikinta ya yi ta juyi har hantsi. Tuwo ya daina yi mata daɗi, miyar kuka da ta kuɓewa duk suka koma ɗaya a bakinta. Ta faɗa wa Tasi'u, ya ce ai alamar aiki ke nan, ciwon ne ke fita.

Shi da kansa yake ba ta. Zai tsaya a kanta da kofin ruwa har sai ta haɗiye, ya kira ta da suna mai daɗi, ya gyara mata tabarma. Rabon da ya kula da ita haka tun yana saurayi. Wani lokacin sai ta ji kunyar zargin da take masa. Wani lokacin kuma sai ta lura da cewa yaron da ambaliya ta bari ba ko buhu guda yanzu yana fita da guga a rigarsa, yana dawowa da tsire, yana shigar da kwalaye ɗakinsa da sauri ya ja ƙofa.

"Kwalayen mene ne waɗancan?" ta tambayi Umaima wata rana.

"Waɗanne kwalaye, Inna?"

"Waɗanda mijinki ya shigar jiya da la'asar. Guda biyu."

Umaima ta ce, "To ai Inna kina gani ke nan."

Wannan magana ita ta zama abin faɗa a gidan. In 'Yar'azumi ta kauce wa kaza a tsakar gida, sai a kalli juna. In cokali ya faɗi a gefenta ta ɗauka, sai Umaima ta yi gyaran murya. Ta rasa yadda za ta fahimtar da su cewa tana ganin kazar da ke gefe amma ba ta ganin hannun da ta ɗaga a gaban fuskarta. Wasu matan unguwa suka ce magani ne ya karɓe ta. Wasu suka ce dama can ba wata makanta, son hutu ne irin na tsufa. Duka biyun ciwo suke mata, har ta daina bayani.

Ana cikin wata na biyu Tasi'u ya zo ya durƙusa gabanta da hantsi, hannunsa ɗaya a ɗage. Ta wutsiyar ido ta ga wayarsa ce.

"Inna, ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Tunda kika fara shan maganin nan, ya kike ji?"

"To, ana ta samun sauƙi. Mun gode Allah."

"Jiya ba ke kika ɗauki cokali da kanki ba?"

"Ni na ɗauka. Na gan shi ai. Amma Auta, wayar me kake nuna min haka?"

"Yaya Binta zan tura wa ta ji muryarki."

"To faɗa mata gefen nake gani. Tsakiyar nan dai tana nan yadda take, har ma kamar ta ƙara faɗi."

"Zan faɗa mata," ya ce, ya riga ya miƙe.

Ta bi inuwarsa da kallo har zaure. Duk wanda aka tambaya ya jiki, da sauƙi yake cewa, ko da kuwa a gadon mutuwa yake. Haka aka tarar ana yi. Amma ta ji kamar an zare mata wani abu daga ɗaurin zani ba ta sani ba.

* * *

Zafi ya shigo, shinkafar rani ta fara ja, zare bai shiga allura ba. Sai ma ƙafafunta da suka fara wani abu: tafinsu ya yi kauri kamar tana taka auduga, yatsun suna tsira-tsira. In ta tashi daga zaune sai jiri ya ɗebe ta. Tokar da ke tsakiyar idon dama, wadda da ba ta fi bakin ludayi ba, ta kai faɗin faifai.

A irin wannan hali ƙawarta Mairam ta zo daga wajen Kaugama. Tare suka yi 'yan mata, tare suka yi tallar kifi, amma sun fi shekara ba su haɗu ba. Tun daga zaure 'Yar'azumi ta gane muryar.

"Ina mai sabon ido? Fito ki gan ni, ki faɗa min ko na tsufa!"

Suka rungumi juna. Mairam ta riƙe fuskarta da hannu biyu tana dubawa.

"Ikon Allah. Wallahi da na ji ki a kasuwa sai da na yi hawaye."

"A wace kasuwa?"

"A tamu mana. Motar masu maganin nan, mai lasifika a kai. Ina cikin awon gero sai na ji murya, na ce wa mai awon, tsaya, wannan ko a mafarki na san ta. Mai maganar ya ce ga wata baiwar Allah 'Yar'azumi daga Auyo, shekara biyar ba ta gani, ku ji da bakinta. Sai ga ki kina cewa da sauƙi, kin ga cokali kin ɗauka da kanki."

'Yar'azumi ta laluba tabarma ta zauna.

"Sai me kuma na ce?"

"Shi ke nan. Sai su sake sawa daga farko." Mairam ta zauna kusa da ita, tana ta murna. "Nan take na je na faɗa wa maƙwabcinmu Malam Shu'ibu. Kin san shi da hawan jinin ido, shekara shida yana ɗiga maganin asibiti, ya gaji. Na ce masa in wani ne ba zan yarda ba, amma 'Yar'azumi ba ta ƙarya. Ya ajiye na ɗigawar, muka sayo wannan. Roba ta uku yake kai yanzu. Autanki ma ya ba mu da hannunsa, ya yi mana ragi saboda ke."

"Tasi'u yana cikin motar?"

"Shi ne mai miƙa maganin ai. Ba ki sani ba?"

A tsakar gida taɓaryar Umaima ta tsaya cak.

"Mairam," in ji 'Yar'azumi, muryarta a ƙasa, "wane irin mayafi ne a jikinki?"

"Ga shi kina gani, shuɗi."

"Shuɗi na gani ta gefe. Fuskarki ban gan ta ba. Rabon da in ga fuskar mutum tun kafin ambaliya. Tashi ki koma yau ɗin nan, kada ki kwana. Ki ce Malam ya koma wa na ɗigawarsa kafin ya sha ruwa."

Da Mairam ta yi magana, muryar ba irin wadda ta shigo da ita ba ce.

"To ke da bakinki kika faɗa. Ni na ji."

"Da bakina na faɗa."

"Kuma ba ki sani ba? Ɗanki, a gidanki?"

Ba ta jira ruwan da Umaima ta kawo ba. 'Yar'azumi ta saurari takunta har ya ɓace, ta san cewa Mairam ta tafi ne tana auna ko an raba ribar da ita.

* * *

Ba ta faɗa wa Tasi'u ba. Washegari da ya fita, ta ɗaure roba ɗaya a bakin zani, ta sa maƙwabcinsu mai acaɓa ya kai ta gidan Binta. Binta ta ce ita ba a taɓa turo mata wata murya ba. Duk lokacin da ta kira, Tasi'u kan ce ana kan magani, ana samun sauƙi. Suka wuce asibiti.

Sista Esta ta gane ta. "Mama, ya Kano? Allura nawa aka yi?"

Binta ta ajiye robar a kan tebur.

Esta ta juya ta, ta karanta gaba da baya, ta buɗe ta shinshina. Sannan ta ɗiga wa tsohuwar magani ta zaunar da ita. Wannan karon duban bai yi tsawon na farko ba. Da ta kashe fitilar sai ta jawo kujera ta zauna dab da ita, a gefen dama, inda za a iya ganinta.

"Mama, zan faɗa miki gaskiya, don na ga ke ba mai son a ɓoye miki ba ce. A can bayan ido akwai wani ɗan wuri, bai fi ƙwayar wake ba. Shi ke ganin fuska, shi ke ganin ramin allura. Sauran idon gefe yake gani. Wurin nan ne ya tsufa miki. Jinin da na gani da damina ya bushe, ya zama tabo."

"Allurar fa?" in ji Binta.

"Zan sake rubuta takarda, ku je likita ya gani da na'urarsa. Amma ba zan ce muku za ta yi abin da za ta yi a wancan lokacin ba."

'Yar'azumi ta gyaɗa kai. Ta riga ta sani tun kafin a faɗa. "Wannan zink ɗin," ta ce, "ƙarya ne gaba ɗaya?"

"Da ƙarya ne gaba ɗaya da ya fi sauƙin yaƙa. Akwai zink na gaskiya, ana haɗa shi da wasu bitamin. Wasu masu irin ciwonki, in an kama shi a tsaka-tsaki, likita kan ba su don ya rage saurin lalacewar. Ragewa kawai. Ba ya dawo da abin da ya tafi, ba ya tsayar da jini, ba ruwansa da yanar ido ko hawan jinin ido. Su kuma sun tsinci wannan 'yar gaskiyar sun hau kanta." Ta ɗaga robar. "Wannan ko lambar hukuma babu a jiki. Ban san abin da ke ciki ba. Guda nawa kike sha?"

"Shida a yini."

"Tun yaushe?"

"Wata biyar."

Esta ta ja numfashi. Ta jawo fatar idon ta ƙasa ta duba, ta duba tafin hannunta. "Ƙafafunki suna yin kamar ba naki ba?"

"Wa ya faɗa miki?"

"Ke ce ta huɗu a watan nan. In zink ya yi yawa yakan kori wani sinadarin da jini da jijiyoyi ke buƙata. Ki daina daga yau. Za a auna jininki kafin ki tafi." Ta ajiye robar. "Mun kai ƙara. An rufe shagonsu na bayan tasha, bayan sati biyu suka buɗe wani da sabon suna. Wa ya kai ki wurinsu, Mama?"

Binta ta buɗe baki. 'Yar'azumi ta dafa mata gwiwa.

"Ni na kai kaina," ta ce. "Tsoron allura."

* * *

Tasi'u ya same su a gidan Binta bayan azahar, hankali a tashe, don Umaima ta faɗa masa zuwan Mairam. Binta ta fara zazzaga masa faɗa tun daga ƙofa, uwar ta ce ta ba su wuri.

Ya durƙusa a gabanta.

"Koma gefe," ta ce. "In ka zauna a gabana ba na ganinka."

Ya matsa. Ta ga kafaɗarsa, ta ga gefen kunnensa, ta ga hannunsa yana murza hula.

"Ina takardar Kano?"

"Tana nan, Inna. A akwati."

"Ranar da ka kai ni wurin mutumin nan, ka riga ka fara yi masa aiki?"

"Sati uku."

"Likita ne?"

"Ya ce ya yi kwas."

"Ban tambaye ka abin da ya ce ba."

"Ban sani ba, Inna." Ya sunkuyar da kai. "Wallahi ban yi don in cuce ki ba. Ruwa ya cinye min komai. Suka ce in na ɗauki kwali biyu na sayar zan zama wakili, kuma na uwata kyauta ne. Na ga takardu, na ga hotunan Turawa, har a waya an rubuta zink yana gyara ido. Na ce ga magani ga abinci, ba sai an soka miki allura ba. Ke ma kin ce ba kya so. Kuma kullum na tambaye ki sai ki ce da sauƙi."

"Na ce maka tsakiyar ta ƙara faɗi."

"Dokta ya ce haka yake yi kafin ya washe."

"Shi ya sa ka yanke wurin?"

"Ba ni na yanke ba. Na tura masa, shi ya gyara."

Ta saurara sosai, kamar yadda takan kasa kunne ga faifai in tana neman tsakuwar ƙarshe. Ta kasa rabe inda gaskiyarsa ta tsaya da inda ƙaryarsa ta fara. Ta yi zaton shi ma bai sani ba.

"Ka je ka ce su cire muryata."

"Na roƙe shi da safen nan. Ya ce ta riga ta tafi. Motoci huɗu ne, har Jahun, har Gumel. Ya ce ko ya goge tasa tana wayoyin mutane."

"Kai fa?"

"Inna, saura kwali ɗaya da rabi a ɗaki. Ba sa karɓar komowa."

Ta jira ya ƙarasa. Bai ƙarasa ba.

* * *

Ranar kasuwar Haɗeja Binta ta fito da ita za su je karɓar sakamakon jini. Suna ratsa bakin kasuwa, tsakanin masu busasshen kifi da masu barkono, 'Yar'azumi ta ji muryar.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ana ta samun sauƙi. Ni na ɗauka. Na gan shi ai."

Ba ta taɓa jin muryarta daga waje ba. Muryar tsohuwa ce mai natsuwa, irin wadda ita ma da ta ji za ta yarda.

"Inna, mu wuce," in ji Binta.

Ta zare hannunta. Ta bi ƙarar, kai a karkace, tana taka ƙasa da ƙafafun da ba ta ji sosai. Ta kauce wa baro, ta tsallake kwata. Ta wutsiyar ido ta ga motar, fara, da lasifika biyu a sama, ta ga layin mutane ya miƙe har gindin wata darbejiya: tsofaffi masu sanda, wasu ana riƙe da hannunsu, wani da tsumma a ido. Wanda ke miƙa robobin ba ta gane shi ba, ba ta kuma juya kai don ta gane ba.

"Jama'a," ta ce. Lasifika ta danne ta. Ta ɗaga murya. "Jama'a, ku saurara! Ni ce wannan da kuke ji. Ni ce 'Yar'azumi. Ban warke ba. Wallahi ba na ganin fuskar kowa a cikinku."

Kawuna kaɗan suka juyo.

"Masu kemis ne suka turo ta," wani dattijo ya ce. "Haka suka yi a Kaugama."

"Makauniya ce ta tsallake kwata yanzun nan?" in ji wani. "Ina kallonta tun daga can."

"Gefen nake gani! Ku je asibiti a duba ku da fitila. Wannan ƙafafu yake kashewa."

Wani ya ƙara wa lasifikar ƙarfi. Binta ta iso ta kama ta tana kuka-kuka, tana cewa Inna don Allah. Layin ya matsa gaba taku ɗaya.

Sai wata tsohuwa daga cikin layin ta miƙo hannu tana lalube har ta kama gefen mayafin 'Yar'azumi. Hannun siriri ne.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa," ta ce a hankali. "Ciwon ido haka yake taɓa hankali, ni ma na yi kuka na gaji. Kada ki yanke ƙauna. Kin ji waccan baiwar Allah, shekara biyar ba ta gani."

Ta ja da baya kaɗan, ta buɗe wuri tsakaninta da na gabanta.

"Zo ki shiga nan gabana. Kin fi ni buƙata."